Maɓallin Kan Cibiya

Jama'a, kafin ku ci gaba da yi mini kirari a ƙarƙashin rubutun nan, bari in sauke wani ɗan nauyi, tunda na jikin ya ƙi sauka. Gudun safen da nake ba ku labari ba duka ne gudu ba. Daga ƙofar gidana zuwa kwanar kantin magani tafiya nake yi, irin ta yaron da aka aika ya ɗauko bulalar da za a dake shi. A kwanar nan nake haɗiye ciki, in ɗaga kafaɗa, in fara abin da mai tausayi zai iya kira gudu. Da na wuce shagon matar da nake yi wa gudun na sha ɗaya kwanar, sai in rungume falwayar wuta kamar ɗan'uwan da ya dawo daga tafiya. Wata rana ma, Allah ya yafe mini, nakan ɗan yayyafa ruwan gora a ƙirji kafin in shigo layin.

Wata a cikinku ta rubuto cewa ni gwarzon soyayya ne. Na gode, 'yar'uwa. Amma gwarzon naki kullum da asuba sai ya zauna a bakin gado ya yi shawara da gwiwoyinsa kafin su yarda ya miƙe.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: ni mai koyar da tuƙin mota ne, shekara hamsin tana hango ni ina hango ta. Aikina zama. Ina kujerar gefe tun safe, ƙafata a kan birki na biyu, bakina yana “a hankali, a hankali,” hannuna yana cikin ledar soyayyen dankali. Haka shekaru suka taru a gabana, har bel ɗin mota ya fara ƙarewa kafin ya kai gidansa. Matata ta rasu da daɗewa, ta bar ni da 'ya ɗaya, Mamana, mai karatun jinya. Sai Yaya, wadda take bina [ni nake bin ta, amma ita ke bina da ido], gidanta layi biyu daga nawa. Har gobe Auta take ce mini, ko a gaban ɗalibaina.

Ita kuwa wadda nake yi wa gudun, tela ce. Mijinta ya rasu ya bar mota a lulluɓe da tamfol, ta gaji da kallonta ta zo koyon tuƙi. Ba ta taɓa taka mini birki da ƙarfi ba. Na sa lambarta a waya da sunan Mai Ɗinki, kuma haka zan ci gaba da ce mata a nan.

Ranar darasi na ƙarshe, bayan ta ajiye motar daidai tsakanin duwatsu biyun da nake jerawa, na yi gyaran murya na faɗi abin da ke raina. Na tsara maganar tun a gida, amma da ta fito sai ta yi kama da bayanin yadda ake shiga kwana. Ta saurara har na gama. Sai ta dubi bel ɗin da nake riƙe da hannu saboda ya ƙi shiga.

“Malam Direba,” ta ce, “mijina a kan kujera ya tafi. Ya gama cin abinci, ya ce in miƙo masa ruwa. Kafin in dawo daga kicin, shi ke nan. Likita ya yi ta faɗa masa yana dariya. Irin dariyarka.”

Na rufe bakina, don dariyar ce a kai.

“Ba na ƙin ka. Amma ba zan sake ɗebo wa kowa wannan ruwan ba.”

Ta ce in aiko mata da riga ɗaya cikin waɗanda nake sawa. Na aika da wata mai ruwan ƙasa, wadda wuyanta ya koɗe. Bayan mako Mamana ta shigo da leda. Tsohuwar rigata a ninke, a ƙarƙashinta sabuwa, shuɗiya mai duhu, dogon hannu, fararen maɓallai, ɗinki kamar ba hannu ya yi ba. Na zura hannu ɗaya na ji daɗi. Na zura na biyu na ji kamar 'yan sanda sun riƙe ni ta baya. Waya ta yi ƙara.

“Ranar da ta rufu har maɓallin kan cibiya, ka turo Yayarka.”

Na rubuta: “An gama, ranki ya daɗe.”

“Kana zaune fa. Ba a tsaye kana riƙe numfashi ba.”

Kun ji. Matar da ta san ƙyalle ta san mutum.

Na jefa tsohuwar rigar a ƙasan akwati, na rataye sabuwar a ƙusar bayan ƙofar ɗakina. Tun ranar ita ce abu na farko da nake gani idan na buɗe ido. Hannayenta a sake, kamar mai cewa, to, muna jira.

Bayan layin su Mai Ɗinki akwai filin makaranta, can nake ƙarasawa idan na rabu da falwaya. A filin akwai wani dattijo da kowa ke ce wa Soja, siriri kamar sandar mofa, da farin takalmi wanda ba ya datti. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma sai ya zagaya ya dawo ya same ni ban bar gindin bishiyar da ya bar ni ba.

“Direba! Yau ma mai ya ƙare?”

“Injin ne yake ɗumi, Soja.”

“Tun farkon damina yake ɗumi. Wannan inji naka sai dai a tura.”

“In ka tura ni wa zai tura ka?”

“Ɗaga ƙafa, malam. Cikin ya riga ya kai bakin gola, kai kake nan.”

Haka muke yi. Ba na jin haushinsa. Ba ni da numfashin jin haushi. Abin da ba wanda ya faɗa mini game da motsa jiki shi ne gajiyar ba ta tsayawa a fili. Tana bin mutum gida, ta shiga mota da shi. Na taɓa yin gyangyaɗi wani ɗalibi yana ribas, ƙarar kwandon shara ce ta tashe ni. Cinyoyina suna gogar juna har na koma shafa man jarirai. Takalmin da na saya ya ci mini dunduniya, na sa auduga, audugar ta gudu ta koma wajen yatsu. Ga karnukan gidan mai gyaran firiji, da suka daina yi mini haushi saboda sun gane ba inda zan je.

A gida kuma Mamana ta mayar da ni majinyacin gwaji. Kabeji. Kokwamba. Dafaffen ƙwai ɗaya a tsakiyar faranti, shi kaɗai kamar maraya. Shayi ba sukari, wanda ni a wajena ruwan zafi ne da ya canza kala.

“Abba, ka tauna a hankali, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka ka ƙoshi.”

“Mamana, ƙwaƙwalwar nan ta san shinkafa tun ba a haife ki ba. Ba za ki yaudare ta da ganye ba.”

Sai Yaya ta yi sallama, da mayafi a kafaɗa da kula a hannu. Ta dube ni sama da ƙasa ta dafe ƙirji.

“Auta, kai ne ka zama haka? Ka ga wuyanka kuwa?”

Jama'a, ban ga wuyana ba tun Mamana tana firamare.

Ta buɗe kular. Shinkafa da nama, mai yana ƙyalli. Mamana ta ce, “Gwaggo, don Allah,” Yaya ta ce, “Ke rufe mini baki, da wannan na raine shi.” Ta zuba, ta tura mini, ta zauna a hannun kujera tana kallon ƙofar ɗakina da ke buɗe, inda hannun shuɗiyar rigar ke leƙowa.

“Har yanzu tana nan a rataye?”

“Saura kaɗan, Yaya.”

“Saura kaɗan tun yaushe? Ni ban taɓa jin inda aka auna miji da maɓalli ba. Ci, ci. Ka ji ni da kyau: 'yar nan taka an tura ta asibitin wani gari, ƙarshen wata za ta tafi. Ba zan bar ka kai kaɗai a gidan nan kana hira da riga ba. Ƙanwar maƙwabciyata tana nan, mai hankali, ba ta ce riga ba, ba ta ce wando ba. In yarinyar nan ta tafi abin nan bai rufu ba, zan je in yi magana. Ƙara nama.”

Wato da hannu ɗaya tana ba ni wa'adi, da ɗayan tana cika mini faranti. Kuma na ci. Kada ku tambaye ni. Na ci har na kankare gefen kula, Mamana tana kallona kamar wanda ya faɗi jarrabawa a gabanta.

Ƙanwar maƙwabciyar ba ta yi mini komai ba, baiwar Allah. Sai dai ba ita ce ta ajiye mota tsakanin duwatsu biyu ta faɗa mini gaskiya ba.

Washegari na gwada rigar. Maɓallin wuya ya shiga, na ƙirji ya shiga da addu'a. Na kan cibiya kuwa, shi da ramin nasa suna hango juna kamar mutanen da kogi ya raba. Na ja, na ja, na ji zare ya yi ƙara, na saki. Na zauna a bakin gado da riga a buɗe, cikina a kan cinya, fanka tana juyawa. Watanni ina fita. Ruwa ya dake ni, rana ta dake ni, Soja ya dake ni da baki. Ga sakamakon.

Da asuba aka yi ruwa, na ce to, uzuri ya samu. Washegari ba ruwa, amma gwiwa ta ce ita ma tana da magana. Rana ta uku ban ma nemi dalili ba, na ja bargo. Waya ta yi ƙara a ƙarƙashin filo.

“Yau ban ga wucewa ba.”

“Gwiwa ce, ranki ya daɗe.”

“Jiya fa?”

“Ita ce dai.”

“Shekaranjiya?”

“Ruwan sama.”

Waya ta nuna tana rubutu. Ta daina. Ta sake farawa. Na riƙe numfashi fiye da yadda nake riƙewa a layinsu. Sai ga abin da ya fito:

“To.”

Ku da kuka san mata, ku fassara mini wannan “to”. Ni na juya shi ta kowane gefe har rana ta yi tsaka, ban sami ƙofar shiga ba.

Da yamma na sauke rigar daga ƙusa. Na ninke ta yadda na iya, na sa a leda, na kira Mamana.

“Kai mata. Ki ce na gode. Ki ce ta ba wanda za ta yi wa daidai.”

“Abba…”

“Na gaji, Mamana. Ba fushi nake ba. Gajiya ce kawai. Mutum ya kai shekaruna yana gudu a titi yara suna nuna shi, saboda maɓalli. Uwarki ba ta taɓa auna ni ba.”

Ta tsaya da ledar a hannu. Ta ce, a hankali, “Umma ba ta ga hawan jininka na watan jiya ba. Ni na gani.” Ta fita.

Daren nan ƙusar ta zauna tsirara a bayan ƙofa. Na ɗauka zan ji sauƙi. Sai na ga ashe ɗakin ma ya saba da ita.

Kwana biyu ba saƙo. Na ci burodi da shayi mai sukari a wajen aiki, bai yi daɗin da nake tunawa ba. Rana ta uku na dawo na sami ledar a kan gadona, rigar a goge, tana ƙamshin sitati. Saƙo yana jirana:

“Kayan da aka ɗinka ba a mayarwa, Malam Direba. Maɓalli ɗaya ya yi sako-sako saboda ja, na ɗaure shi. Kada ka sake gwada ta sai ana gobe 'yarka za ta tafi. Kullum gwaji yana lalata ƙyalle.”

Wani ya biyo baya: “Shagona yana buɗewa da wuri.”

Na fita. Ba don ƙarfin zuciya ba, kada wata ta sake rubuto mini gwarzo. Kunya ce ta fitar da ni. Na sha kwanar kantin magani, na haɗiye ciki, na wuce. Tana bakin shago da tsintsiya, mayafi ruwan toka, tef ɗin awo a wuya. Ba ta ɗago ba. Amma tsintsiyar ta tsaya har na wuce.

A fili Soja ya ce, “A'a, an fito da motar daga gareji?”

“An fito da ita.”

“Mun ɗauka an sayar da ita a kilo.”

Muka jera. Ban san yadda aka yi ba, na ba shi labarin rigar tun daga farko, muna tafiya. Da na gama ya dube ni ta gefen ido.

“Ka lura kuwa?”

“Da me?”

“Zagaye guda kana zuba surutu ba ka tsaya neman iska ba. Da can sallama ma sai ka raba ta biyu.”

Na ce masa iska ba ta rufe maɓalli. Ya ce wannan kuma tsakanina da tela.

Haka na ci gaba har ƙarshen wata, ba daɗi, ba waƙa a zuci. Kabeji, fili, falwaya, gwiwa. Yaya ta zo da kula sau biyu, na ci rabi na rufe, ta ce an yi mini asiri. Akwatin Mamana ya fito tsakar ɗaki, kullum yana ƙara cika, gidan yana ƙara faɗi.

Jiya ne ana gobe za ta tafi. Yaya ta zo tun la'asar, ta zauna a falo da mayafinta a jiki, alamar daga nan gidan maƙwabciya za ta wuce. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Na sauke rigar. Hannu ɗaya. Hannu biyu. Ba 'yan sanda. Wuya, ƙirji. Na kama na kan cibiya, na kai shi bakin ramin.

Ya shiga. Shiru, ba gardama, kamar dama can gidansu ne.

Na jawo kujerar roba na zauna. Na saki numfashi gaba ɗaya, na saki cikin ya tafi inda yake so. Maɓallin ya ɗan yi ƙara, amma ya tsaya a bakin aikinsa.

“Mamana! Kawo waya! Yaya, zo ki gani!”

Yaya ta shigo ta zagaya ni, ta sa yatsa ta taɓa maɓallin kamar mai duba ko kankana ta nuna. Ta ce, “Ikon Allah. Auta, ka ga abin da nake faɗa, sun ƙarar da kai.” Sai ta goge ido da bakin mayafi. Mamana ta ɗauki hoton, ina zaune, hannuwa a gwiwa, kamar hoton katin shaida. Na lura ba ta dubi idona ba, na ce kukan tafiya ne take ɓoyewa.

Na tura. Alamar cewa ta karanta ta fito nan take.

“Na gani. Yaya ta zo ranar da ta shirya.”

Na karanta wa Yaya da ƙarfi har sau biyu. Waya ta sake motsi.

“Amma gobe ma in ga wucewa. Da jibi. Ba rigar nake aure ba.”

Wannan ban karanta da ƙarfi ba. Wato dai ba ranar sallama. Na ɗauka maɓalli ne ƙarshen hanya, ashe kuɗin shiga ne.

“Kuma ka daina wahalar da kanka daga kwana. Babban madubin shagona yana kallon falwayar nan. Ina ganin ruwan gorar ma. Ka yi tafiyarka kawai, ita nake so.”

Jama'a, na zauna a kujerar nan ina jin zufa ta gaske, wadda ba gora. Watanni tana share bakin shago tana kallon wasan kwaikwayona a madubi, daga farawa har rungumar falwaya. Shi ya sa na riga ku faɗa a sama. Abin da madubi ya sani, ba amfanin ɓoye muku.

Duk da haka na ce a raina, a yi dariya. Ko da gora ko ba gora, ni na rufe rigar nan. Gwiwoyina ne suka biya. Na raka Yaya ƙofa tana lissafin wanda za ta tafi da shi, na dawo ina tafiya irin ta siraran mutane. Har na fara tsara abin da zan faɗa wa Soja.

Wajen cirewa hannun rigar ya juyo, cikinta ya fito waje. Na zo gyarawa sai na ga wani ɗinki a gefe, daga hammata har ƙasa. Na duba ɗaya gefen, shi ma haka. Ƙyalle iri ɗaya, zare iri ɗaya, layin ya bi layi, in ba ta ciki ba ba mai gani.

“Mamana.”

Ta leƙo, da takalmi ɗaya a hannu tana neman inda za ta cusa shi a akwati.

“Wannan fa?”

“Abba, ni aike na aka yi. Na kai, na karɓo.” Ta ja ƙofar.

Na durƙusa, gwiwa tana ƙara, na jawo akwati na tono tsohuwar rigar nan mai ruwan ƙasa, wadda na aika mata tun farko. Na shimfiɗa ta a gado, na ɗora shuɗiyar a kai, na daidaita kafaɗa da kafaɗa, gefe da gefe.

Faɗinsu ɗaya.